Shekarar da Na Kai Babanku Damagaram

Na san abin da ake faɗa a bayan idona, kuma na san wasunku na riƙe da shi a zuci har yau ko da sun daina furtawa: wai ni na ɗauki tsoho mai ciwon zuciya na tsallaka iyaka da shi, na baro shi can ya rasu a hannun mutanen da ba ku sani ba. Kabiru, kai ka faɗa mini haka ido da ido, ban kuma tanka maka ba, don mai takaba ba ta da bakin gardama. Yanzu da tsufa ya zaunar da ni, hannuna kuma bai fara rawa ba, bari in ba ku labarin tun daga tushe. In kun gama karantawa, kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Kun tashi kun tarar da babanku mutum ne marar magana. Haka ni ma na same shi. Ina budurwa, sabuwar malamar firamare, na kai masa agogon mahaifina gyara a rumfarsa ta bakin kasuwar Daura. Ya karɓa, ya buɗe, ya gyara, ya miƙo mini, duk bai ce komai ba sai “Allah ya sa albarka.” Wannan shirun nasa ne ya ja ni, don na fito daga gidan da kowa ke magana babu mai sauraro. Mutanen kasuwa na kiransa Ɗan Faransa, saboda a lokacin duk wanda ya fito daga arewa da Kongolam, garin bakin iyaka, haka ake ce masa. Da iyayena suka nemi asalinsa, ya ce sunansa Lawal, daga Damagaram yake, ba shi da kowa. Liman ya shaidi halinsa, aka ɗaura mana aure. Muka shafe shekaru kusan arba’in yana gyaran agogo da rediyo, ina koyarwa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ko a masallaci, lokacin da aka ƙaddamar da Shari’a gari ya ɗauki zafin muhawara, kowane majalisi da nasa malamin, babanku sai dai ya saurara ya taso. Abu ɗaya ya taɓa nacewa a kai a zamanmu: da aka haifi ’yarmu ta fari, ya ce Hajara za a sa mata, sunan mahaifiyarsa. Na tambaye shi yaya take, ya ce, “Doguwa ce.” Iyakar abin da na sani game da surukata ke nan.

A shekarata ta ƙarshe kafin ritaya, ina shugabar makaranta, aka ce dole duk shugabanni su je bitar koyon kwamfuta. Na so in zille, na ce me tsohuwa za ta yi da wannan abu, aka ce babu sa hannu a takardar sallama sai da shaidar bita. A wani shagon intanet kusa da tasha aka yi mana, an raba shi da labule, maza can mata nan, kamar yadda aka koma yi a wuraren taro a shekarun. Mai koyar da mu wata Malama Binta ce, mai haƙuri, wadda ba ta dariya in mutum ya riƙe linzamin kwamfuta kamar zai gudu. A makon ƙarshe ta ce tunda yawancinmu mun koyar da tarihi, za ta nuna mana wani abu. Ta buɗe wani rumbun ajiya da masana suka tara a intanet, na kayan gwagwarmayar neman ’yancin ƙasashen Afirka: tsofaffin jaridu, hotuna, takardun bango, har da muryoyin da aka naɗa a wuraren taro.

“Ga akwatin nema nan,” in ji ta. “Kowacce ta rubuta sunan garin da take so.”

Na fara rubuta Daura. Abubuwa kaɗan suka fito, na dudduba. Sai na shiga sauran rumbun ina kallo, raina cike da mamaki. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara ’yancin kai daga shafi biyu na littafi, ga shi nan mutanen da kansu, da gumi a goshi, daga ƙasashen da ban taɓa gani ba: mata da goyo a jerin gwano, ma’aikatan jirgin ƙasa zaune a kan layin dogo, wani tsoho riƙe da allo an rubuta da hannu. Duk sun mutu ko sun tsufa, amma ga su an adana su, ana jiran wanda zai tambaya. Na tuna ranar da za a buɗe wa kowa littafinsa, na ce a raina, in ɗan Adam ya iya wannan, ina ga Ubangiji.

Ban san abin da ya sa na rubuta Damagaram ba. Babu abin da ya fito. Malama Binta ta leƙo ta ce in gwada da sunan da Turawa ke kiran garin, Zinder. Na rubuta. Sai ga jeri, yawanci da Faransanci, ba na ganewa. A ciki akwai wani mai alamar lasifika, da hoto a gefensa. Na danna hoton ya buɗe. Kasuwa ce, mutane maƙil har kan katanga, a tsakiya wani saurayi siriri tsaye a kan durom, ya ɗaga hannun hagu sama. Fuskar ba ta fito sosai ba. Amma ƙaramin yatsan hannun a lanƙwashe yake, ya karkata waje. Kun san wannan yatsan. Kowannenku ya riƙe shi yana koyon tafiya.

Na ce wa kaina masu lanƙwasasshen yatsa suna da yawa a duniya. Malama Binta ta sa mini abin sauraro a kunne, ta danna. Da fari ƙara ce kawai da hayaniya da ganga. Sai murya ta tashi, da Hausa, irin ta mutanen can:

“Sun ce in muka ce a’a, za su tafi da lantarkinsu! To, jama’a, wa ke da lantarki a ɗakinsa, ya ɗaga hannu mu gan shi?”

Kasuwar ta kwashe da dariya kamar rugugin hadari. Muryar ta bari sai da suka lafa, sannan ta ci gaba, tana hawa tana sauka. Ta yi maganar gyaɗar da suke nomawa wani ya sa mata farashi, ta yi maganar aikin tilas da ya cinye iyayensu a hanya, ta ce a ƙasar nan aka binne cibiyata amma sai na cire hula in zan wuce ƙofar kumandan, Baturen mulki. Ban taɓa jin babanku ya yi magana da ƙarfi haka ba, ko rabin haka. Amma na san yadda yake jan ƙarshen kalma in yana karatun asuba, na san ɗan tarin da yake yi kafin ya fara sabuwar aya. Shekara arba’in ina jin wannan tarin ta bayan bango. Na cire abin daga kunnena.

“Hajiya, lafiya?” in ji Malama Binta.

“Mijina ne,” na ce.

Ta dube ni, ta dubi hoton. Ta ɗauko memori ta zuba mini muryar a ciki.

Kwanaki ina yawo da abin nan ƙulle a bakin zanina. Ina kallonsa yana alwala, yana cin tuwo, yana laluben ƙananan kusoshi da idon da ya fara gazawa, ina cewa ashe wannan ne ya tsayar da kasuwa guda da bakinsa. Wani lokaci haushi ya kama ni, in ce wane irin mutum ne zai ɓoye wa matarsa rabin ransa. Wani lokaci kuma in ji kamar na auri wani babban kogi ne da na sani a lokacin rani kawai. Na yi tunanin in bar shi da sirrinsa, don likita ya riga ya gargaɗe mu game da zuciyarsa. Amma na kasa. Wata Juma’a bayan la’asar, yana zaune a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya da wata rediyo mai cin memori da aka kawo gyara, na miƙa masa na ce, “Malam, gwada ta da wannan.”

Ya sa, ya murɗa. Da muryar ta fara, hannunsa ya tsaya a kan rediyon. Bai dube ni ba. Ya saurari jawabin duka fuskarsa ba ta motsa ba, kamar mai jin labaran wata ƙasa. Ni a shago ban kai ƙarshe ba, don haka ban san abin da ke biye ba. Da jawabin ya ƙare aka ɗauki sowa, sai wata mace ta rangaɗa guɗa kusa da na’urar, doguwa, mai kaifi. Da ta sauke, ta ɗaga murya:

“Lawalina! Na Hajara ba ka da tsoro!”

Babanku ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Ya rungume rediyon a ƙirji.

“Inna ce,” ya ce. “Wallahi Inna ce. Ashe ta zo. Ta ce mini ba za ta zo ba.”

Ya sa na mayar masa wurin. Bai ƙara sauraron jawabinsa ba, guɗar kawai yake so, a mayar, a mayar, har aka kira magariba bai ji ba. Bayan ya yi salla ya zauna a kan buzunsa ya ba ni labari, kuma ranar ce ya fi kowace rana magana a aurenmu. Ya ce ya yi lakwal, wato makarantar bokon Faransa, yana cikin samarin da suka ce a rabu da Faransa nan take lokacin da aka yi ƙuri’ar i ko a’a. Ɓangarensu ya faɗi. Bayan ’yan shekaru gwamnatin da ta hau mulki ta shiga farautarsu gida gida, aka kama abokansa, wasu ba a sake ganinsu ba. Mahaifiyarsa ta ɓoye shi cikin buhunan gyaɗa a motar wani ɗan’uwanta har Kongolam. Da jandarmomi, ’yan sandan can, suka addabi gidan, suna zuwa suna tafiya da ƙanensa suna duka, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta ce labari ya zo mata Lawali ya rasu a hanya. Ta zauna ta karɓi gaisuwa, aka yi sadaka. Sannan ta aiko masa da saƙon baki ta wani falke: kada ka dawo, kada ka aiko, mun binne ka.

“Na bi umarninta,” ya ce. “Da mulki ya canza, na fara shirin komawa, sai na ji ta rasu. Wanda uwarsa ta karɓi gaisuwar mutuwarsa, da wace ƙafa zai shiga gida bayan babu ita? Bakina ne ya raba ni da ita, Rabi. Shi ya sa na rufe shi.”

Na tambaye shi wa ya rage. Ya ce yana da ƙanwa, Zara, ya bar ta tana ’yar yarinya, bai sani ba ko tana raye. Sannan ya ce, “Ina so in ga kabarin Inna.”

Sauran kun san wani ɓangarensa. Na kira ku. Kabiru ya taso daga Katsina, Hajara ta zo daga gidan mijinta a Baure, ƙannenku suka zauna a bakin ƙofa suna saurare. Na kunna muku muryar, kuka yi ta kallon babanku kamar baƙo. Amma da aka zo maganar tafiya, Kabiru ya ce sam. Ya ce likita ya hana shi wahala, ya ce jefa kai cikin halaka haramun ne, har ya jawo aya. A shekarun nan kowane yaro da ayarsa a baki. Na ce masa sada zumunci fa, a wane littafi aka soke shi? Ya ce, “Umma, mutanen nan sun yi shekara hamsin ba shi, za su iya ƙarasawa. Mu ne ba za mu iya ba.” Ban ga laifinka ba, Kabiru, tsoro ne irin na ɗa. Da babanku ya ga muryoyi sun tashi, ya ce a bar maganar, ya shiga ɗaki. Kuka koma kuna ganin an gama.

Ni ce na ga abin da ya biyo baya. Ya daina zuwa rumfa. Ya rage cin abinci. Kullum yana ƙarƙashin darbejiya da rediyon nan a kunne. Na lura da cewa in na bar shi don in tsare zuciyarsa, wani abin ne zai kashe shi a gabana, a hankali. Sai na yi istihara, na nemi maƙwabcinmu Alhaji Idi direba, na haɗa magungunansa a jaka. Ban gaya wa kowa ba sai da muka wuce Mai’aduwa. Wannan shawarata ce ni kaɗai, kada a ɗora wa Alhaji Idi ko wani.

A bakin iyaka, da muka tsallaka Kongolam muka isa shingen can, na ga babanku ya ƙanƙame gefen kujera. Wani jandarma ya nufo mu da kakinsa. Yaro ne, bai kai Kabiru ba. Ya leƙo ya ga tsoho, sai ya cire tabarau ya ce, “Baba, sannu da hanya. Ina zuwa?” Babanku ya buɗe baki ya amsa masa da Faransanci, tiryan-tiryan, ni ina zaune ban taɓa sanin yana jin ko kalma ɗaya ba. Yaron ya yi dariya ya ƙame masa. Da muka wuce, babanku ya juya yana kallonsa ta gilashin baya har ya ɓace.

“Ɗanmu ne,” ya ce. “Kin ji Hausarsa? Ɗan Matamaye ne. Ɗanmu ne ke tsaron ƙofar.”

Kafin azahar muka hango duwatsun Damagaram. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ita ce ta gagare shi shekara hamsin. Garin ya canza masa, amma da muka shiga tsohon birni ya sa aka tsayar da mota, ya sauka, ya bi lunguna da ƙafa ba tare da ya tambayi kowa ba, ina biye da jakar magani. Ya tsaya a wata ƙofa ya yi sallama. Wata tsohuwa doguwa ta fito da ƙwarya a hannu. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta tsaya a kan hannun hagunsa. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta juya ciki, ta dawo da ruwa a moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa.

“Inna ta ce duk ranar da ka zo, kada a tambaye ka komai sai ka sha ruwa,” in ji ta. “Sha, Yaya.”

Ashe mahaifiyarsu ta gaya mata gaskiya kafin ta cika, ta ce yana raye a wajen Daura ko Kano, kuma zai zo. Zara ta yi ta aika tambaya ta bakin fatake, amma Lawali ɗan lakwal mai jawabi take nema, babu wanda ya haɗa shi da mai gyaran agogo marar magana.

Da la’asar ta kai shi maƙabarta tare da ’ya’yanta maza. Washegari labari ya zaga unguwa, tsofaffi suka fara zuwa, wasu da sanda, wani an riƙo shi. Akwai wanda ya yi shekaru a kurkuku, akwai wanda ya ce shi ya riƙe durom ɗin ranar. Aka kunna musu muryar a zaure. Ina cikin gida tare da mata, sai na ji an kashe rediyo, wata murya ta ci gaba a wurinta. Babanku ne. Yana ba su labari, yana kiran sunayen waɗanda suka tafi ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanar wani, zauren na fashewa da dariya. Muryar ta tsufa, amma ita ce. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na jingina da bango ina saurare, ni da na haifa masa ’ya’ya shida. Zara ta dube ni ta ce, “Haka yake tun yana saurayi, ba ya bari kowa ya yi magana.” Na yi dariya har hawaye suka zubo mini.

Bayan mako guda dole na koma, don ban miƙa ragamar makaranta ba tukuna. Ya ce in bar shi ya yi azumi a can, ya dawo da salla. Na duba fuskarsa, ta cika, yana cin abinci, yana tafiya masallaci ba a riƙe shi ba. Na bar wa Zara magungunan, na nuna mata na safe da na dare. Na amince. Wannan ma ni ce.

A goman ƙarshe na azumi, bayan ya dawo daga sallar azahar, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Kafin mu samu mota mu tsallaka, an riga an kai shi, an sa shi kusa da mahaifiyarsa. Ku ba ku ga gawarsa ba, ni ma ban gani ba. Shekara arba’in ina lura da numfashin mutumin nan, na ƙarshen ya fita ba na wurin. Kada ku zaci ku kaɗai kuka yi rashi a wannan shawarar. Na yi takabata a ɗakin da babu ko ƙurar kabarinsa kusa, ɗana na fari kuma ya yi kusan shekara ba ya haɗa ido da ni.

Akwai abin da ban nuna muku ba a lokacin, don zukata sun yi zafi, kuma na ji tsoron ku ce na ƙirƙira ne don in wanke kaina. Ranar da za mu baro Damagaram bayan addu’ar uku, Zara ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gadonsa ta ba ni. Ya riga ya ɗaure ta da igiya. A ciki akwai dabino da cuku na jikoki, da takalman fata, ya sa an rubuta sunan kowannenku a tafin nasa da alƙalami. Na Kabiru ya fi kowanne kyau. A ƙasa akwai turmin atamfa shuɗiya. Zara ta ce shi da kansa ya shiga kasuwa ya zaɓa, ya sa mai shagon ya sauke kusan rabin kayansa, yana ta surutu, yana cewa matarsa malama ce, ba kowane zani take ɗaurawa ba. Ta ce ya riga ya yi magana da direban da zai kawo shi Daura washegarin salla.

Takalman suna cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin darduma. Kowa ya zo ya ɗauki nasa.